Aiki da Godiya: Me Kirista Yake Yi Daga Litinin Zuwa Asabar?

Wata Lahadi a majami'armu da ke cikin garin Gombe, da aka zo lokacin ba da shaida, wata uwa ta fito gaba ta durƙusa, ta roƙi ikkilisiya ta taya ta godiya, ɗanta ya sami aiki. Shekara shida ke nan da gama jami'arsa, ya je bautar ƙasa ya dawo, sai a makon nan takardar ɗaukarsa ta fito. Matan Zumunta suka rangaɗa guɗa, mawaƙa suka ɗauki waƙa, kowa ya miƙe tsaye. Ni ma na yi murna har cikin raina, domin na san irin dararen da matar nan ta raba tana addu'a.

Sai dai yaron ma na san shi. Shekara huɗu yana walda a wata rumfa a bakin titi. Ƙyauren gidana shi ya haɗa, har yau ko ƙara ba ya yi. Kuɗin makarantar ƙannensa biyu daga rumfar nan yake fitowa, ga yara uku da yake koya wa sana'ar. In ka gan shi da yamma idanunsa jajir saboda hasken wuta, bayan hannunsa duk tabon tartsatsi. Amma a bakin uwarsa, da bakinmu baki ɗaya, shi "ba shi da aiki, yana dai buga-buga". Da aka tashi na kama hannunsa na ce, "Ɗana, barka da arziki. To rumfar fa?" Ya ce, "Baba, ai wancan rufin asiri ne kawai. Yanzu ne Allah ya dube ni."

Maganar nan ta bi ni har gida. In yanzu ne Allah ya dube shi, shekara huɗun da ya yi a duƙe gaban ƙarfe, ina Allah yake kallo?

Kalmar aiki sau biyu muka matse ta. Matsi na farko boko ne ya kawo shi. Tun da 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Kaltungo a 1917, bishara da makaranta da asibiti tare suka shigo ƙasar Tangale da kewayenta, kuma takarda ta buɗe wa 'ya'yan manoma ƙofar malanta da jinya da soja da aikin gwamnati. Iyayenmu sun sayar da awaki da hatsi don mu rabu da fartanya, kuma ba na ganin laifinsu ko kaɗan, su suka san zafin ranar da suka sha. Amma a hankali aiki ya koma abin da ke da ofis da albashi da fansho. Manomin da ya cika rumbu uku sai a ce ba ya aiki, noma yake yi. Matar da ta tashi tun asuba ta ɗebo ruwa, ta dafa, ta wanke, ta yi reno, ta soya ƙosai na sayarwa, in an tambayi mijinta sai ya ce ba ta aikin komai, tana gida.

Matsi na biyu mu muka yi shi a cikin majami'a. Idan muka ce "aikin Ubangiji", fasto muke nufi da mai bishara. Idan muka ce wane "ya sami kira", kowa ya san makarantar tauhidi za shi. Sauran jama'a kuwa, kamar an bar su da neman duniya kwana shida, ranar Lahadi su zo su wanke kansu da baiko da zakka. Ba wanda ya tsaya a bagade ya koyar da haka kai tsaye, amma yaranmu sun tsince shi daga yadda muke magana.

Littafi Mai Tsarki bai fara daga nan ba. Surori biyu na farko na Littafin Farawa sun nuna mana Allah yana aiki: yana raba haske da duhu, yana tara ruwa, yana dasa gona, yana gina mutum da turɓaya kamar maginin tukwane, yana kuma tsayawa ya dubi abin da ya yi ya ga yana da kyau. A tatsuniyoyin mutanen Babila, alloli ne suka gaji da haƙar magudanan ruwa, sai aka halicci mutum ya ɗauke musu wahala su huta. Farawa ta juya zancen. Allah da ba ya gajiya shi ya fara aiki, sa'an nan ya yi mutum cikin kamanninsa ya ba shi rabo a ciki. Farawa 2:15 ta ce ya sa mutumin a gonar Aidan ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. A lura da wurin da ayar take: sura ta 2 ce, zunubi sai a sura ta 3. Fartanya ta riga faɗuwa zuwa duniya.

Akwai wani abu a ayar nan da mai jin Hausa zai fi saurin kamawa. Kalmar Ibrananci da aka fassara da "noma" ita ce abad. Saiwarta ɗaya da kalmar Larabci da ta ba mu "ibada", ɗaya kuma da Abdu na cikin Abdullahi. Sunan annabi Obadiya ma daga nan ya fito, wato bawan Ubangiji. Kuma kalmomin nan biyu, yin aiki da kiyayewa, su ne Littafin Ƙidaya 3:7-8 ya yi amfani da su wajen hidimar Lawiyawa a alfarwa ta sujada. Harshen da aka rubuta Tsohon Alkawari da shi ya kira aikin manomi da hidimar mai sujada da kalma ɗaya. Haka kuma a Fitowa 31, wanda Allah ya ce ya cika shi da Ruhunsa, Bezalel ne, gwanin zinariya da tagulla da dutse da katako. Da a Gombe yake yau, da rumfarsa na nan kusa da ta yaron da nake magana.

To wahalar fa, daga ina? Duk wanda ya ce aiki daɗi ne zalla bai taɓa yin huɗa a ƙasa mai tsakuwa ba. Farawa 3 ba ta ɓoye ba: ƙasa za ta ba da ƙaya da sarƙaƙiya, da gumin goshi mutum zai ci abinci. Amma wanda ya karanta da kyau zai ga maciji aka la'anta, aka kuma la'anci ƙasa. Ba a la'anci aiki ba. Aikin yana nan da darajarsa, ƙaya ce ta shiga cikinsa. Mu a kudancin Gombe ba sai an yi mana fassarar ƙaya ba. Kowa ya san asibitin masu saran maciji na Kaltungo, kowa ya san lokacin noma da girbi ne gadajensa ke cika. Kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe da nisa, a ƙarƙashin damin gyaɗa ko karan dawa take kwanciya, daidai inda hannun manomi zai je. Na taɓa raka wani ɗan'uwa can, ƙafarsa ta kumbura kamar turmi, dasashinsa na zubar da jini, amma abin da yake ta tambaya shi ne wa zai kwashe masa waken da ya bari a gona. Albarka da ƙaya a kunya ɗaya suke tsirowa. Marubucin Littafin Mai Hadishi ya ga haka tun da daɗewa. A sura ta 2 ya koka cewa mutum zai sha wahala ya tara, ya mutu ya bar wa wanda bai sani ba ko mai hikima ne ko wawa. A surar dai kuma ya ce mutum ya ci ya sha ya ji daɗin wahalarsa, wannan daga hannun Allah yake. Bai janye ko ɗaya daga cikin maganganun biyu ba.

Gaisuwarmu ma ta riƙe duka biyun. Bahaushe ba ya wuce mai aiki bai ce "sannu da aiki" ba, wato ya ga gumin. In kuma ya tambaya "ina aiki?", amsar ita ce "aiki da godiya". Kullum muna faɗa, ba ma tsayawa mu ji nauyin abin da muka faɗa.

Sa'ad da mutanen Nazarat suka ji koyarwar Yesu, abin da suka ce shi ne, ashe wannan ba masassaƙin nan ba ne? Yana cikin Markus 6:3. Luka ya ce yana da wajen shekara 30 ya fara hidimarsa a fili, hidimar kuma ba ta wuce kimanin shekara 3 ba. Mafi yawan rayuwar Ɗan Allah a duniya a wurin sana'ar hannu ta ƙare, a wani ƙaramin gari, yana yi wa maƙwabta abin da suka zo nema. Muryar Allah da ta ce "da kai nake farin ciki ƙwarai" a bakin Kogin Urdun, ta faɗi haka ne tun bai fara wa'azi ba. Manzo Bulus kuwa, a Koranti, gidan Akila da Biriskila ya sauka saboda sana'arsu ɗaya, ɗinkin tanti. Ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani, domin manyan masanan Girka sun raina aikin hannu, har Aristotal ya ce birnin kirki ba zai ɗauki mai sana'ar hannu cikakken ɗan gari ba. Bulus ya ɗaga hannuwansa gaban dattawan Afisa ya ce hannuwan nan su suka biya bukatarsa da ta abokan tafiyarsa.

Ikkilisiya ta sha manta wannan, ta kuma sha tunawa. A 1520 Martin Luta, jagoran gyaran ikkilisiya, ya rubuta wa sarakunan Jamus cewa baduku da maƙeri da manomi kowa na da nasa muƙami a jikin Almasihu, baftisma ɗaya ce ta keɓe su da firist, bambancin na aiki ne kawai. Ya kuma koyar da cewa in mun roƙi abincin yini, Allah ba ya jefo shi daga sama, ta hannun mutane yake miƙo shi. Wannan ita ce, a ganina, zuciyar maganar, kuma ana iya bin sawunta a malmalar tuwo guda. Wani ya shuka masara a Kumo ko Dadin Kowa. Wani ya yi masa huɗa da shanu. Direba ya ɗauko buhun zuwa Tudun Hatsi, ɗan dako ya sauke a kafaɗarsa, mai awo ya auna, mai inji ya niƙa, uwa ta tuƙa. Yaro ya rufe ido ya ce, "Ka ba mu yau abincin yini," kuma ga amsar addu'ar a gabansa, ta ratso hannu bakwai ko takwas. Rabin hannuwan nan na maƙwabtanmu Musulmi ne, nonon da za a dama fura da shi Bafulatana ce ta kawo. Allah yana ciyar da mu ta hannunsu, yana kula da su ta hannun nas ɗinmu da malamarmu ta firamare. Annabi Irmiya ya ce wa Yahudawan da ke Babila su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi lafiyar birnin da suke ciki. Kirista a Gombe ba shi da wata hanyar neman lafiyar gari da ta fi yin aikinsa tsakani da Allah.

Idan haka ne, ibadar mai walda tana cikin haɗin ƙarfensa kafin ta kai ga kwanon baiko. Rubuta aya a jikin rumfa ba ya gyara ƙyauren da aka yi wa ha'inci. Mai awo da ya bubbuge gindin mudu ya yi sata ko da shi ne shugaban mawaƙa, Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Ma'aikacin da ya sa hannu a rajista ƙarfe takwas ya ɓace, ya bar tsohon ɗan fansho na zaune a benci da fayil a hannu, maƙwabcinsa ya wulaƙanta. A Afisawa 4:28 Bulus bai tsaya ga cewa ɓarawo ya daina sata ba, ya ce ya yi aikin kirki da hannunsa don ya sami abin da zai ba mabukaci. Hannun da yake ɗauka ya koma hannun da yake miƙawa.

Yanzu bari in zo inda maganar ke da zafi, domin ayoyin aiki sun sha zama bulala a hannun mai ƙarfi. Babbar cikinsu ita ce 2 Tasalonikawa 3:10, wanda ba ya aiki kada ya ci. Na ji uba ya jefa wa ɗansa ita a kan tabarmar cin abinci, yaron da takalminsa ya cinye wajen kai takardu ofis-ofis. Bulus bai ce wanda bai sami aiki ba. Ya ce wanda ya ƙi yin aiki, ya kuma bayyana su: masu zaman banza da shisshigi cikin al'amuran mutane, suna cin gumin 'yan'uwa. Tsakanin ƙi da rashi akwai rata mai nisa. Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere da sauran makarantu suna yaye matasa kowace shekara, ofisoshi kuwa ba sa haihuwa. Wanda ya bi wasu titunan garin nan da sassafe zai ga leburori zaune da shebur da diga a gabansu, duk motar da ta rage gudu sai su miƙe. In rana ta take ba wanda ya zo, haka za su koma gida. Su nake gani duk sa'ad da na karanta Matiyu 20. Mai gonar inabi ya fito da la'asar ya tarar da wasu a tsaye, ya tambaye su don me suka yini ba aiki, suka ce ba wanda ya ɗauke mu. Bai zage su ba. Ya ɗauke su, da yamma kuma ya ba su dinari guda, cikakken ladan yini, daidai da waɗanda suka fara tun safe. Misalin a kan alherin Mulkin Sama yake, na sani, amma hoton da Yesu ya zaɓa ya nuna mana yadda yake kallon mutumin da kasuwa ta tsallake.

Saboda haka darajar mutum ba ta rataye a kan takardar ɗaukar aiki ba. Wanda ya yi ritaya, da wanda shanyewar jiki ta kwantar, da wanda yake nema bai samu ba, kamannin Allah na nan a kansu ba ragi. Wa'azin da ke auna tagomashin Allah da girman mota da matakin albashi yana karya zukatan irin waɗannan, kuma shi ne ya sa yaron nan ya ɗauka shekara huɗu Allah ya juya masa baya. Shari'ar Musa ta bi wata hanya dabam. Littafin Firistoci 19:9-10 ya hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙaf, ya hana shi komawa ya tsince abin da ya zube, a bar wa matalauci da baƙo. Kala ke nan, irin wadda har yau mata da yara ke yi a gonar gyaɗa bayan an kwashe. Da kalar nan Rut ta ciyar da surukarta a gonar Bo'aza. Ba a auna wa matalauci hatsi a ƙofar gida ba, wuri aka bar masa ya duƙa ya samu da hannunsa, mutuncinsa na tare da shi. Mai shago da ya ɗauki yaro ya koya masa ɗinki ko gyaran waya, mai gona da ya ba matashi aron fili, gefen gonarsu suka bari.

Aya ta biyu da ake juyawa ita ce Kolosiyawa 3:23, duk abin da kuke yi ku yi da zuciya ɗaya kamar Ubangiji kuke yi wa. Bayi aka fara rubuta wa ita, kuma iyayen gida suna son ta ƙwarai. Sai su rufe littafin kafin su kai 4:1, inda aka ce musu su yi wa na ƙarƙashinsu adalci domin su ma suna da Ubangiji a Sama. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce a biya matalaucin ɗan ƙodago hakkinsa a ranar, kada rana ta faɗi a kansa. Yakubu 5:4 ya ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka, kukan ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. A kan wannan tushe Fafaroma Leo na 13 ya tsaya a 1891 ya ce lada dole ya isa ya riƙe ma'aikaci, Fafaroma John Paul na 2 kuma a 1981 ya ce don mutum aka yi aiki, ba don aiki aka yi mutum ba. A Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ɗaga farashin komai. Amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. 'Yar aikin gida da maigadi da yaron shago duk suna bayanta. Inda dokar ƙasa ta tsaya, Yakubu bai tsaya ba. Akwai makarantu masu sunan Almasihu a jikin allonsu da malamansu ke bin bashin wata uku, a ce musu su yi haƙuri hidima ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kiran wannan hidima saɓo ne.

Hutu ma haka. Dokar Asabar a Maimaitawar Shari'a 5 ta lissafa bawa da baiwa da sa da jaki da baƙo, dalilin da ta bayar kuwa shi ne, ku tuna kun yi bauta a Masar, inda Fir'auna ya ƙi jin zancen hutu ya ƙara musu nauyin tubali. Mai hutawa yana shaida cewa ba hannunsa ne ke riƙe da duniya ba. Amma dokar ba ta bar maigida ya huta shi kaɗai ba. Gidaje nawa ne ranar Lahadi kowa zai yi ado ya tafi sujada, a bar yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana fama da murhu da tulin wanki, don in an dawo a tarar da abinci?

Wannan tambayar ce ta kai ni ga maigadin majami'armu. Tsoho ne, shekara tara yana kwana a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa, da tocila da bargo. Daren Asabar ba ya runtsawa, shi ya sa da wuya ka gan shi a sujadar safe. A zaman dattawa na watan jiya na nemi ma'aji ya karanta mana abin da muke biyansa. Da ya faɗa sai ɗakin ya yi tsit. Wani dattijo ya ce, "Baba Fasto, ai kuɗin nan ba zai sayi buhun masara ba." Fasto ya sunkuyar da kai ya ce a rubuta. Mun amince a ƙara masa daga wannan watan, a kuma nemi wanda zai riƙa karɓarsa dare ɗaya a mako. Yaron nan mai walda, wanda yanzu yake ofis da safe yana buɗe rumfarsa da yamma, shi ya zo ya gyara masa tagar ɗakin kafin hunturu ya shigo.